Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jirgin Ƙasa Na Tafe, Ina Shirin Madarunfa?



Yau zancen hanya za mu yi. Na san tun ban yi nisa ba wani zai rubuto a ƙasa ya ce: "Malam, ana ta kai wa ke ta kaya? Mutanen Gabi da Safo na kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin daji, tiyar hatsi ta gagari talaka, kai kuma ka zo muna da zancen abin da za ya faru nan da shekara ashirin." Na ji, kuma ban raina wannan magana ba. Ka yi mini haƙuri ka karanta har ƙarshe, in ka ga ban kawo hujja ba sai ka zage ni da kyau.

Wata damana da ba ta daɗe ba, naƙuda ta kama ƙanwata cikin dare a ƙauyen da take aure. An yi ruwa tun la'asar, ƙorama ta kawo, mai motar da aka kira ya zo bakin ruwa ya tsaya ya ce shi kam ba ya iya shiga. Sai a amalanken shanu aka aza ta, aka kewaya ta cikin gonaki. Tafiyar da ba ta kai kilomita goma sha biyar ba ta ci kusan awa huɗu. Allah ya bar mana ita, abin da ke cikin bai zo da rai ba. Masu zuwa gaisuwa kowa ya ce ƙaddara ce, ni ma na ce haka, don na yi imani da ita. Sai dai wannan ƙoramar tana nan tun kafin a haife ni. Kowace damana tana kawowa, kowace damana tana raba ƙauyukan nan da likita. Ke nan akwai ranar da wasu suka zauna a wani ofis, shekara goma ko ashirin baya, suka jera ayyuka, suka ga kadarkon wannan wuri bai isa shiga lissafi ba. Ko kuma, abin da ya fi muni, ba wanda ya zauna ɗin sam. Abin da ake nufi da tsarin sufuri na dogon zango ke nan: shawarar da aka yanke ko aka ƙi yankewa jiya, ita ce ke tare mace mai naƙuda a bakin ruwa yau.

Mu fara da tarihi, don mu mutanen yankin Maraɗi ba baƙin wannan darasi ba ne. A 1945 Gulbi ya yi ambaliyar da ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari. Aka tashi garin aka maida shi bisa tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, aka ware wurin kasuwa. Shekara tamanin ke nan, har yau cikin waɗannan layukan ake yawo. Duk wanda ya shiga sababbin unguwannin da suka tsiro babu tsari, inda in gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta da ta inda za ta bi, ya san bambancin garin da aka zana kafin a gina da wanda aka gina kafin a yi tunani.

Sai ka dubi ƙetaren iyaka. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta maida Kano cibiyar cinikin duk wannan yanki, har gyaɗar da kakanninmu suka noma a nan can take zuwa bisa raƙuma da jakkai. A 1929 wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda. Funtuwa da Gusau suka bunƙasa da auduga da gyaɗa, birnin Katsina mai tsohon tarihi kuwa dogo ya kauce masa, ya zauna yana kallo sama da shekara ɗari. Layi guda da wani Bature ya ja bisa takarda shi ya raba arziki tsakanin garuruwa har jikoki.

Mu fa a ɓangarenmu? Faransa ta shimfiɗa dogo daga Kwatano ya kai Paraku a 1936, ya tsaya cak. A shekarun 1950 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle don a riƙa kwasar gyaɗar Nijar da manyan motoci zuwa Paraku maimakon ta bi Kano. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa tsakanin ƙasarmu da Dahome, da fatan wata rana dogon zai iso. Muka samu 'yancin kai, gwamnatoci suka zo suka wuce, dogo na nan Paraku. Sai a 2014 aka yi gagarumin biki a Yamai, kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa layi. A watan Janairun 2016 aka kaɗa ganguna aka ce an gama kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso. To ina jirgin? Shari'a ta sarƙe aikin a ɓangaren Benin, layin bai haɗu da Paraku ba, bai haɗu da komi ba. Duk matafiyin da ya bi hanyar Doso ya ga ƙarafan nan kwance cikin ciyawa, wani wurin ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsu. An yi gini kafin a warware wa ke da izinin yi, kuma da me za a haɗa shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu ga wani dogon ya nufo ƙofar gidanmu. A watan Satumban 2020 majalisar zartarwar Nijeriya ta amince da kwangilar layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan biyu, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Ranar 9 ga Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin. Layin zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, sannan ya ƙetaro. An sha ɗaga ranar gamawa, amma aikin bai mutu ba. To ɗauki taswira ka duba da idonka: daga Jibiya zuwa birnin Maraɗi ƙasar wa ce a tsakani? Ta Madarunfa ce. Gonakinmu ne, burtalinmu ne, ƙoramunmu ne. Jirgin sunan Kano da Maraɗi yake ɗauke da shi, amma bisa bayanmu za ya taka.

Ka je kasuwar Ɗan Isa ko ta Jiratawa ka tare mutum goma, ka tambaye su: ta ina dogon zai bi? Ina za ya tsaya? Wa za ya biya diyya, da wane lissafi? Za ka ji amsa goma, kowace ta fara da "an ce". Wannan "an ce" ɗin ita ce cutar. Aikin da zai sauya rayuwar yanki na shekara ɗari bai kamata talaka ya riƙa tsintar labarinsa a fada da wasap ba.

Ga tambayoyin da ya kamata a ce tuni an amsa su a bainar jama'a, da Hausa, a gidan rediyo da ƙofar hakimi.

Ta farko, tasha. Jirgin da ba ya tsayawa a ƙasarka, ƙara da ƙura kawai ya bar maka. In ana sauke kaya da lodinsu a Maraɗi kaɗai, to manomin Jiratawa mai zogale da tumatir da albasa sai ya biya mota ta kai kayansa arewa, don jirgi ya sake dawowa da su kudu ta gefen gonarsa. Wannan wane irin lissafi ne? Muna da fadamar noman rani ta Jiratawa, muna da kifin tafkin Madarunfa, muna da wake da riɗi da aya da jar akuyar da ta yi suna har ƙasashen waje. Tashar kaya mai rumbun ajiya da wurin lodin dabbobi a cikin yankinmu haƙƙi ne, kuma lokacin neman sa shi ne kafin a zuba kankare. Bayan an gama, ihu ne bayan hari.

Ta biyu, mashiga. Dogo katanga ce. Ana ɗaga shi bisa tudun ƙasa, wani wurin a kewaye shi da waya. Ƙauyen da gonakinsa suka faɗa wancan gefe, ta ina amalanke za ta bi? Yaran da lakwal ɗinsu ke ƙetare fa? Makiyayan da ke gangarowa kudu da rani su koma arewa da damana, in dogo ya datse burtali ba a bar musu mashiga ba, cikin gonar wa za su bi? Duk mun san abin da ke biyo bayan wannan. Muna da dokar tsarin karkara tun 1993, muna da dokar kiwo ta 2010, muna da kwamitocin filaye da ake kira Kofo tun daga ƙauye har zuwa ofishin perefe. In ba a zaunar da su aka aza taswirar dogo bisa taswirar burtali ba, to da hannunmu muke shuka rikicin manoma da makiyaya na shekara talatin masu zuwa.

Ta uku, ruwa. Ƙasarmu ƙasar gulbi ce. Tudun dogo in ya tare hanyar ruwa ba a bar masa isassun ƙofofi ba, ruwa ba ya neman izini, cikin gari za ya shiga. Mun ga damanar 2024: ruwan sama ya kashe mutane a cikin birnin Maraɗi, ya rusa gidaje ba adadi, a Yamai kuwa sai da ambaliya ta yanke manyan hanyoyin shiga babban birni. Duk kadarkon da aka auna da ruwan shekarun baya, ruwan yanzu ya fi ƙarfinsa. Kuma mun taɓa ɗanɗana abin da ke faruwa in aka yi babban aiki a ƙetare ba mu shirya ba. Tunda aka gina madatsar ruwa ta Jibiya wajajen 1990, tsofaffin masu fadama za su gaya maka Gulbin Maraɗi bai koma yadda suka san shi ba, duk da yarjejeniyar raba ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri cikin 1990. Takarda tana Yamai da Abuja, ƙishirwa tana nan.

Ta huɗu, diyya. Doka mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta ce ba a karɓar filin mutum don aikin jama'a sai da diyya ta adalci, kuma a biya kafin a taɓa. Amma manomi nawa ne ke da takardar gonarsa? Gonar gado da ba a raba ba, gonar aro, gonar jingina, ɗan gayaunar da mace ke nomawa a filin mijinta: sunan wa za a rubuta? Duk inda aka ji ƙamshin babban aiki, masu kuɗin birni da suka riga kowa jin labari su ke fara zuwa su saye filaye da araha. Ranar biyan diyya sai ka ga mai babbar riga a gaban layi, mai gonar asali yana bakin inuwa yana kallo. Wanda ya san inda tasha za ta zauna shekara biyu kafin kowa, ya riga ya ci kasuwa. Shi ya sa ɓoye taswira sata ce, ko da ba wanda ya sa hannu aljihun wani.

Ta biyar, mutanen da hanya ke ciyarwa yau. Direbobin manyan motoci da yaransu, 'yan kamasho, 'yan dako, masu faci, matan da ke saida tuwo da fura a bakin duwan, 'yan kabu-kabu da ke jigila tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. Jirgi ɗaya na iya ɗaukar kayan tirela da dama. In kaya suka koma dogo, waɗannan bayin Allah ina za su? Wasu ayyukan za su mutu, wasu sababbi za su fito: gyaran layi, aikin tasha, ajiyar kaya, jigila daga ƙauye zuwa tasha. Wa ke koya wa yaranmu waɗannan sana'o'i yanzu? In ba mu yi ba, ranar da aka buɗe za a kawo ma'aikata daga wani wuri, namu su samu gadi da shara.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Faɗin layin Kano zuwa Maraɗi milimita 1,435 ne. Na Yamai zuwa Doso mita ɗaya ne cif, irin na Benin. Ko da wata rana an ja su sun haɗu, jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Ƙasa ɗaya, guntayen dogo biyu, kowane da ma'auninsa. A can Nijeriya ma sabon layin bai game ba tukuna: akwai Legas zuwa Ibadan, akwai Abuja zuwa Kaduna, ana aikin Kaduna zuwa Kano, amma tsakanin Ibadan da Abuja da saura. Ke nan wanda ya ce maka gobe za ka loda albasa a Maraɗi ta sauka bakin teku, ya yi maka daɗin baki. Wannan ma dalili ne na yin tsari da ido buɗe: a san abin da jirgin zai iya a shekarar farko, da abin da sai an jira.

Kada kuma zancen jirgi ya ɗauke muna hankali daga abin da ya fi kusa da talaka. Dogo ba ya zuwa ƙofar gona. Abin da ke kai buhu tasha, ya kai mara lafiya likita, ya kai malami lakwal, shi ne 'yar hanyar laterit da ƙaramin kadarko. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Madarunfa mutum kusan dubu 450, a kwaminoni shida: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Ƙidayar ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato suna ninkawa cikin kimanin shekara 18. In lissafin ya tafi haka, wajajen 2030 muna maganar mutum dubu 900 bisa ƙasar da ba ta ƙaru da taki ɗaya ba. Filin da za a bi da hanya nan gaba, in ba a shata shi yau ba, gobe gidaje ne a kai, sai an rusa an biya, kuɗin hanya ya ninka. Mun ga abin da ya faru a 2021 da aka gano zinariya a yankin Ɗan Isa: cikin 'yan makonni dubban mutane suka kwararo wurin da ba hanya, ba likita kusa, har rami ya rufta a Garin Liman cikin Nuwamba ya kashe aƙalla mutum goma sha takwas. Jama'a ba ta jiran hukuma ta shirya.

Sai gyara. Mu nan mun iya bikin aza tubali, ba mu iya riƙo ba. Ana karɓar kuɗin peyaj a bakin kowane babban gari, akwai asusun gyaran hanyoyi, amma sai rami ya zama rijiya sannan a tuna da shi. Kuma a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa in nauyin da ke bisa layin tayu guda ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkawa kusan sau goma sha shida. Ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar iyakance nauyin manyan motoci tun 2005. Wa ke lodin da ya wuce ƙa'ida? Alhazanmu ne. Wa ke karɓar na goro ya ɗaga sanda? 'Ya'yanmu ne. Wa ke gina shago cikin filin hanya, ya cika magudanar ruwa da shara? Mu ne. Hanyar da aka gina don shekara goma sha biyar ta mutu cikin biyar, sannan mu taru muna zagin gwamnati. Tsarin da bai tanadi sikeli da kuɗin gyara ba, bashi ne kawai aka ci wa jikoki.

Yanzu bari in koma ga masu suka, don suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne.

Na farko ya ce tsaro ne gaba. Gaskiya ne. To amma ka tambayi duk wanda aka taɓa kai wa ƙauyensu hari a gefen dajin Baban Rafi: minti nawa jami'an tsaro suka yi kafin su iso, kuma me ya tsaida su? Ɓarawo bisa babur yake, ko'ina hanya ce gare shi. Motar soja da ta ɗaukar marasa lafiya su ke buƙatar hanya. Ƙauyen da damana ke yankewa wata uku, ɓarayi sun fi kowa sanin kalandarsa. Hanya tana cikin maganin tsaro. Kuma dogon kansa sai an tsare shi: harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ya isa ishara. Wa zai tsare namu ɓangaren, da wane kuɗi? A cikin tsari ake amsa wannan.

Na biyu ya ce: "Iyakar da ake rufewa kullum, me za a tsara a kanta?" Shi ma ya faɗi abin da ya gani. Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta har zuwa Maris na 2024. Ta ɓangaren Benin ma gadar Gaya ta daina aiki, kaya suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, farashi ya hau. A Janairun 2025 ƙasarmu ta fice daga CEDEAO. Duk wannan ya faru. Amma ni darasin da na ɗauka daban ne: ƙasar da ba ta da teku, in ƙofa ɗaya ta dogara da ita, ranar da aka rufe ta numfashi ya tsaya. Kowace ƙarin ƙofa ƙarin 'yanci ce. Siyasa tana juyawa cikin shekara biyu, dogo yana zama shekara ɗari. Katsina ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, Yamai ta fi 600. Sarautar Maraɗi kanta daga Katsina ta taso. Ba wata takardar da za ta kankare wannan. Akwai hukumar haɗin gwiwar Nijar da Nijeriya tun 1971, akwai shirin Kano-Katsina-Maraɗi da aka daɗe ana taro a kansa. A tada su su yi aiki, a rubuta a yarjejeniya abin da zai faru da kaya da fasinja in dangantaka ta yi tsami.

Na uku ya ce: "Kuɗin Nijeriya ne, wanda aka ba kyauta ba ya duba haƙoran doki." Haba ɗan uwa! Kuɗin nasu ne, ƙasar tamu ce. Su sun yi lissafinsu sarai: suna son kayan Nijar su bi tashoshin ruwansu maimakon Kwatano da Lome. Ba laifi ba ne, kowa gidansa yake gyarawa. Laifin shi ne mu mu zauna ba namu lissafin. In ba mu shirya abin da za mu loda ba, jirgi zai zo cike da siminti da taliya da robobi, ya koma wayam, mu zama kasuwar wasu kawai.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni haushi, mai cewa wannan aikin masana ne, talaka bai san komi a kai ba. Injiniya ya san nauyin kankare, ban musa ba. Amma tsohuwar da ta shekara hamsin tana kai nono kasuwa ta fi shi sanin inda ruwa ke kwanciya. Sarkin Fulani ya fi shi sanin ta inda garke ke bi. Direban da ke bin hanyar nan kullum ya san kwanar da ke cin mutane. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Kowace kwamin tana da kundin tsarin raya ta, jiha ma tana da nata. Mutum nawa cikin masu karanta wannan rubutu suka taɓa ganin na garinsu? Da Faransanci aka rubuta, aka ɗaure da kyau, aka sa a kabad. Tun Afrilun 2024 kuma da aka rusa majalisun da jama'a suka zaɓa aka naɗa kantomomi, ƙofar da talaka ke bi ya kai kuka ta ƙara ƙunci. Wannan ya ƙara wa kantomomin nauyi: tunda ba ƙuri'a ta kawo su ba, sai su fito su nemi jama'a da ƙafarsu.

Don kada a ce mun yi surutu ba mu kawo mafita ba, ga abin da muke nema, kuma ba ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin hukuma:

1. A manna taswirar inda dogo zai bi, da tashoshi da mashigai, a ofishin perefe da na kowace kwamin da abin ya shafa, a kuma karanta bayaninta da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyo.

2. A yi zaman sauraron jama'a ƙauye ƙauye, da mata da makiyaya a ciki, a rubuta abin da aka faɗa, a dawo a gaya wa mutane wanda aka ɗauka da wanda aka bari da dalili.

3. Kwamitocin Kofo su rubuta masu gonakin da ke kan layi tun yanzu, a dakatar da cinikin filaye a wurin har a gama, a biya diyya kafin katafila ta shiga.

4. A fitar da tsarin hanyoyin gundumar Madarunfa na shekara ashirin: wace hanya ce farko, wane kadarko ne na biyu, nawa za su ci, daga ina kuɗin zai fito. A fara da ƙauyukan da damana ke raba su da likita.

5. A shata filin hanyoyin gaba a kafa alama, kuma duk shekara a faɗa wa jama'a nawa aka tara na gyara, nawa aka kashe, a ina.

6. Cibiyoyin koyon sana'a da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su fara shirya yaranmu don ayyukan da ke tafe.

Mu ma da namu aikin. Kai da ke karanta wannan a waya, ranar kasuwa mai zuwa ka shiga ofishin kwamin ɗinku ka ce a nuna maka kundin tsarin gari, ka duba ko hanyar ƙauyenku na ciki. In an ce ka dawo gobe, ka dawo goben, ka zo da mutum biyu. Ka tambayi mai gari ko an taɓa kiransa zancen dogo. Abin da ka samu ka rubuto muna a nan, da sunan ƙauyen da ƙoramar da ke yanke ku, mu tara su wuri guda mu kai inda ya dace. In hukuma ba ta zana taswirar wahalarmu ba, mu mu zana mata.

Ƙanwata ta sake samun ciki. Wannan karon mun yanke shawara tun wata na takwas za ta dawo cikin gari ta zauna wurinmu, don ba mu ƙara yarda da wannan ƙoramar ba. Mu muna da inda za mu sauke ta. Maƙwabciyarta fa, da ba ta da kowa a birni?

Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa nesa, mu kuma ya ba mu bakin tambaya. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan uwansa.